Yadda Tela Zai Tsayar da Shagonsa Ba Tare da Neman Suna a Intanet Ba

Akwai telan da hoton ɗinkinsa yake yawo a Instagram da TikTok, dubban mutane suna yabawa, amma ranar da mai shago ya aiko karɓar haya sai ya fita neman rance. Akwai kuma wanda yake can cikin lungu, ko allon suna babu a ƙofarsa, amma teburin yankansa ba ya rabuwa da yadi tun daga Muharram har Zulhajji. Na biyun yana da gidaje sittin ko tamanin da ba sa kai ɗinki ko'ina sai wurinsa, ya kuma san abin da kowace riga take cinye masa kafin ya faɗi kuɗinta. Wannan bayani na mai keken ɗinki ɗaya zuwa uku ne, namiji a shago ko mace a cikin gida, wanda yake son ya zama irin na biyun.

Ba laifi ba ne ka ɗora hoton aikinka. Matsalar ita ce rumfar ba taka ba ce. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. A shekarar dai gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022. Ko babu irin wannan, ana sace shafi, ana rufe shi, waya ma tana faɗawa ruwa. Sannan wanda bidiyo ya jawo yawanci yana nesa, awonsa ta waya zai turo, yana son abin da ya gani a jikin wani, in bai zauna masa ba kai za ka biya kuɗin mota zuwa da dawowa. Sau ɗaya za ka gan shi.

Fara da lissafin abin da riga ɗaya take ci

Yawancin teloli daga bakin maƙwabci suke ɗauko farashi. Shi kuma maƙwabcin wataƙila shagon na mahaifinsa ne, ba ya biyan haya. Ka ɗauki takarda ka rubuta duk abin da shago yake ci a wata, ko an yi ɗinki ko ba a yi ba. Ga misali da lambobin da aka ƙaddara don a ga yadda lissafin yake tafiya, kai sai ka sa naka na gaskiya.

Haya naira 240,000 a shekara, wato 20,000 a wata. Wuta da man janareta 45,000. Abinci da sallamar yara biyu 40,000. Man keke, allura da gyara 5,000. Katin waya 5,000. Abin da kake warewa don sabon keke 5,000. Jimla 120,000. Sai albashinka, wanda shi ne abin da kusan kowa yake mantawa: a ce 100,000. Ka ga shago yana bukatar 220,000 kowane wata.

Yanzu ka raba wannan da yawan kayan da kake gamawa a watan da ba na Sallah ba. Kada ka ƙiyasta, ka duba littafi. In saiti 40 ne, kowane saiti yana ɗauke da 5,500 tun kafin ka sa masa zare. Ƙara abin da ya shiga jikinsa: zare, gam, maɓalli, shafin aljihu, ledar da za a sa shi, a ce 1,500. Ya zama 7,000. Ɗora riba kashi ɗaya cikin biyar, kana neman 8,400, ka ce 8,500. In aikin wuya a waje kake bayarwa, kuɗinsa daban, har da na abin hawan yaron da zai kai ya karɓo.

Telan da lissafinsa ya nuna 7,000 amma yake karɓar 6,000 don kada a guje shi, yana zuba dubu arba'in daga aljihunsa duk wata, kuma ba zai gane ba, domin kuɗi suna ta shigowa hannunsa kullum. Sai ranar da keke ya tsaya. Ka sake wannan lissafi duk bayan wata uku, da kuma duk lokacin da farashin mai ya motsa. Waɗanda suka ci gaba da karɓar tsohon farashi bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 sun ji a jikinsu.

Idan za ka ƙara kuɗi, ka faɗa wa tsofaffin kwastomomi da bakinka lokacin da suke karɓar kaya, cewa daga wata mai zuwa ga yadda zai koma. Mutum yana haƙuri da ƙarin da aka sanar da shi, abin da yake ɓata rai shi ne ya zo da kuɗinsa a ƙirge a ce masa ba haka ba.

Littafin awo

Wannan shi ne jarin shagon, ya fi keke daraja, domin keke ana sayen wani a kasuwa. Ka sayi babban littafi mai kauri, kowane gida ka ba shi shafi biyu. A sama sunan maigidan, unguwa, lambar waya, da sunan wanda ya turo shi. Ƙarƙashi awon kowa da ranar da aka ɗauka: tsawon riga, kafaɗa, hannu, ƙirji, ciki, wuya, tsawon wando, ƙugu, cinya, bakin ƙafa. A gefe ka rubuta abin da tef ba ya nunawa. Wannan yana son riga da walawa. Wancan kafaɗarsa ɗaya ta ɗan sauka. Wani yana son aljihun ciki mai zurfi saboda babbar waya, wani ba ya son hannu mai maɓalli. Ranar da mutum ya sa riga ya tarar da aljihun nan ba tare da ya tuna maka ba, ka gama da shi.

Awon babba a sabunta shi duk shekara, na yaro kuwa duk zuwa. In uba ya ce "ai kana da awonsa na ƙaramar Sallah", ka roƙe shi a kawo yaron ko a aiko da rigar da take yi masa daidai yanzu.

Duk yadin da aka kawo, ka warware shi a gaban mai shi, ka auna, ka ɗaga shi a haske. Kaftani da wando na babban mutum kan ci yadi huɗu zuwa biyar, babbar riga da 'yar ciki da wando kusan goma, atamfa kuwa turmi ɗaya yadi shida ne. In an ce biyar ne ka tarar huɗu da rabi, ko akwai tabo ko zaren da ya zare, a nan take za a yi maganar. Bayan ka sa almakashi, duk abin da aka gani laifinka ne. Sai ka yanko ɗan ƙyalle daga gefe ka maƙala shi a shafin aikin, ka rubuta lambar aikin da alli a bayan yadin. Farar shadda guda takwas a kan kanta ɗaya, ba mai iya bambance su da ido ranar 27 ga azumi.

Duk ƙarshen wata ka ɗauki hoton sababbin shafuka ka ajiye a wani wuri ban da shagon. Gobara da ruwan sama ba sa sallama.

Kafin alƙalami, da ranar da ka ɗauka

Kada ka yanka yadi sai an ba da rabin kuɗi, ka rubuta a rasit mai kwafi biyu: me za a ɗinka, nawa ne, nawa aka bayar, yaushe za a karɓa. Cikon kuɗi ranar karɓar kaya. In ta banki aka turo, ka duba asusunka da kanka, hoton shaidar turawa ba kuɗi ba ne. Kuma ka sani kafin alƙalami amana ce har sai kaya sun fita. Telan da yake cefane da shi, yana sayen zaren aikin jiya da kuɗin aikin yau, ya shiga ramin da fitarsa take da wuya. Mafi sauƙi ka buɗe asusu biyu, ɗaya na shago, ɗaya naka, ka riƙa biyan kanka albashin nan kashi huɗu, duk Juma'a ko duk Asabar.

'Yan uwa da abokai su ne masu wuyar sha'ani a nan. Ka yanke tun farko mutum nawa za ka yi wa kyauta a shekara, ka faɗa musu kyauta ce, sauran kowa ya bi layi. Bashin da ba a kira shi bashi ba, ba a kira shi kyauta ba, shi yake raba zumunci.

Sai babbar magana, wadda ta sa ake yi wa teloli ba'a duk shekara: alƙawarin Sallah. Abin da yake jawo saɓa shi lissafi ne da ba a yi ba. Tun a watan Rajab ka zauna ka ƙirga. A ce za ka yi aiki kwana 24 kafin ranar da ka tsayar ta ƙarshen ba da kaya, kuma da kai da yara kuna gama saiti uku a rana. 72 ke nan. Cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda ɗaukewar wuta, lalacewar keke, yaron da zai yi zazzaɓi, gyaran kayan da aka dawo da su, da kuma gaskiyar cewa bayan la'asar a azumi hannu yana sanyi. Saura 54. Ka ja layi 54 a littafi. Idan suka cika, an rufe. Ranar ƙarshe ta ba da kaya ka sa ta 26 ga azumi, don a sami kwana uku na gyara da guga.

Layukan nan na tsofaffin kwastomominka ne kafin kowa. Da shigowar Sha'aban ka kira su ɗaya bayan ɗaya: "Alhaji, barka da war haka. Na buɗe littafin Sallah, na ce kada ya cika ban tuna maka ba. In kayan yara sun samu kafin azumi, akwai ragi." Ragin kashi goma cikin ɗari ga wanda ya kawo kafin a ga wata ya fi maka arha a kan man janaretan da za ka ƙona a goman ƙarshe. Yana kuma shimfiɗa aikin wata ɗaya ya zama na wata biyu.

Dole wani zai zo ranar 20 ga azumi da shadda mai tsada, ya ce zai ninka kuɗi. Amsar ita ce: "Ranka ya daɗe, littafi ya cika. In na karɓa ƙarya zan yi maka. Ga wane a layin baya, hannunsa yana da kyau, bari in kira maka shi." Za ka rasa ɗinki ɗaya. Sau da yawa mutumin nan shi zai fara kawo kayan Babbar Sallah, da wuri kuma. Ka tuna Sallah tana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, saboda haka wani lokaci za ta haɗu da komawar makarantu ko da tsakiyar zafi. Ka duba kalanda kafin ka karɓi wani babban aiki.

Abin da yake dawo da mutum

Kafin kaya su shiga leda, a juya su ciki waje a duba. A yanke zaren da ya yi saura, a ja bakin aljihu da hammata da ƙarfi, a gwada kowane maɓalli. A bar kamar inci ɗaya a cikin ɗinkin gefe, saboda wasu yadukan auduga suna tsukewa a wankin farko, mutum kuma yana ƙara jiki. In ɗinki yana tattarewa, zaren sama ya yi tsauri ko allurar ta yi wa yadin girma: lamba 11 ta yadi mara nauyi ce, 14 ta yawancin aiki, 16 ta mai kauri. In keke yana tsallake ɗinki, fara da canza allura kafin ka kira mai gyara. Dutsen guga kuwa a gwada zafinsa a ƙyalle tukuna, shadda kuma a shimfiɗa mata wani farin ƙyalle a kai. Shadda ɗaya da ta ƙone tana iya cinye ribar mako biyu.

Bayan kwana uku da karɓar kaya, ka kira ko ka tura saƙo: ya zauna? In akwai gyara, kyauta ne cikin mako guda. Mutane da yawa ba sa dawo da rigar da ta matse su, kunya suke ji, sai kawai su canza tela, kai kuma ba za ka taɓa sanin dalili ba.

Ka sa a buga maka ƙaramin tambari na ƙyalle mai sunan shago da lambar waya, a ɗinka shi a cikin wuyan kowace riga. Tallan tela yana faruwa ne a wurin ɗaurin aure da sahun Juma'a, inda wani zai taɓa hannun rigar abokinsa ya ce "wa ya yi maka wannan?" Tambarin yana ba da amsa ko mai rigar ya manta lambarka. Wanda ya turo maka mutum kuwa, tunda ka rubuta sunansa, ka yi masa godiya da baki, a ɗinkinsa na gaba ka yafe masa kuɗin wando ko ka yi wa ƙaramin ɗansa riga.

Waya tana da amfani a nan, amma a matsayin hanyar magana da mutanen da ka riga ka sani. WhatsApp Business yana da wurin jera hotunan samfuri, sannan jerin aika saƙo ga mutane da yawa yana ɗaukar lamba 256, kuma sai wanda ya ajiye lambarka ne saƙon zai isa gare shi. Saboda haka ka ce wa kowane sabon kwastoma ya ajiye ta a gabanka. Saƙo huɗu ko biyar a shekara sun isa: buɗe littafin Sallah biyu, komawar makaranta, sabon samfuri. Wanda yake turo hoto kullum, toshe shi ake yi. Kada kuma ka yaɗa hoton kowa sanye da kayansa sai da izininsa, balle na matan aure. Ka ɗauki kayan a rataye.

Aikin da yake cike watannin da babu Sallah

Bayan Babbar Sallah kasuwa tana yin sanyi, haya kuwa ba ta sani ba. Abin da yake riƙe shago a nan shi ne aikin jimla: kayan makarantun kuɗi da Islamiyyu, kayan saukar karatu, ankon biki, kayan ma'aikatan otal ko gidan abinci. Ka zaɓi makarantu uku da za ka iya zuwa da ƙafa. Ka ɗinka samfurin kayansu a girma uku da kuɗinka, ka kai wa shugaban makarantar da kanka a watan Yuni ko Yuli, tun kafin zangon Satumba, da takardar farashi mai ranar da farashin zai daina aiki. Samfurin da mutum ya riƙe a hannu ya juya cikinsa ya fi hoto ɗari.

Inda ake faɗuwa a irin wannan aiki sananne ne. Makaranta za ta ce ka ɗinka ɗari biyu, za a biya idan iyaye sun biya. Kada ka yarda. A rubuta yarjejeniya, shaidu biyu su sa hannu, a ba da abin da zai sayi yadin gaba ɗaya da rabin ladan aiki, ka sayo yadin a lokaci ɗaya daga dila ɗaya, a Kantin Kwari ko inda kake sari, domin launin shuɗi na wannan ɗauri ba lallai ya zo daidai da na mako mai zuwa ba. Ka riƙa kai kaya hamsin-hamsin, ana biyan na baya kafin na gaba ya fita. A anko kuma mutum ɗaya za ka yi magana da shi, shi zai tara awo da kuɗi. Kuma kada wuri ɗaya ya zama fiye da kashi ɗaya cikin uku na cinikinka, domin ranar da aka canza shugaban makaranta, sabon yana da nasa telan.

Manyan makarantu da kamfanoni sukan nemi asusun banki mai sunan shago. Wannan yana bukatar rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta Nijeriya, wato CAC, wadda ake yi ta intanet. A Nijar kuwa rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF ake nema. Ka yi ta lokacin da irin wannan aiki ya fara leƙowa.

Ragowar lokaci a yi ɗinkin sayarwa, amma kaɗan-kaɗan: dozin ɗaya na kayan yara ko hijabai a girma uku, a ajiye a shagon wani amintacce a rubuce, a ga wanne ya fara ƙarewa kafin a ƙara. Ƙyallayen da suka rage daga yanka, in masu su sun yafe, suna zama aljihu, shafi da hular jarirai.

Yaushe za a ƙara keke ko yaro

Cunkoson Sallah ba hujja ba ne, kowa yana cika a lokacin. Alamar gaskiya ita ce ka yi wata uku a jere, ba na Sallah ba, kana mayar da aiki saboda rashin hannu. A nan ne za ka taɓa kuɗin da kake warewa, ko ka shiga adashin da ɗaukarka za ta faɗo wata biyu kafin azumi. Bashi mai wa'adin mako-mako ba ya tafiya da sana'ar da kuɗinta suke zuwa kaka-kaka. In babban keke na lantarki za ka saya, ka nemi mai injin da ake kira "servo", wanda ba ya jan wuta sai an taka, domin ƙaramin janareta ko sola yana iya ɗaukarsa. Tsohon kekenka Butterfly na ƙafa kuwa kada ka sayar, shi ne zai yi aiki ranar da babu wuta babu mai.

Yaro kuma a hankali ake sakar masa aiki: guga da sa maɓalli, sai kalmasa, sai wando, sai aljihu, sai haɗa hannu da wuya. Kowane mataki ya yi shi a kan ƙyalle har sai ka juya cikin aikin ba ka ga abin gyara ba, sannan ya taɓa yadin mutane. Yanka shi ne na ƙarshe, kuma ko bayan ya iya, kai za ka ci gaba da duba alli kafin almakashi ya shiga. Ka yi magana da mahaifinsa tun ranar farko a kan shekarun da zai yi, abin da za a riƙa ba shi, da abin da za a sallame shi da shi ranar yaye. In ya kai matakin haɗa riga shi kaɗai, ka koma biyansa a kan kowace riga da ta wuce dubawa, wadda aka dawo da ita kuma shi zai farke ya gyara ba tare da ƙarin lada ba.